Matakalar da ba ta taɓuwa: yaya naƙasasshe zai shiga tsohon gidan tarihi?

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a gida mai lamba 263 da ke bakin ruwan Prinsengracht, akwai wata kantar ajiye takardu da aka yi wa ƙarfen juyawa, ana janta ta buɗe. Bayanta 'yar gajeriyar ƙofa ce. Mai shiga sai ya ɗaga ƙafa sosai ya hau, ya kuma sunkuyar da kai a lokaci guda, in ba haka ba goshinsa ya gaya masa. Yana shiga zai yi kiciɓis da matakalar katako a tsaye ƙyam, wadda ba ta da maraba da tsani. A bayan wannan kanta ne wasu Yahudawa, da suka kai mutum takwas, suka ɓuya wa 'yan Nazi na Jamus, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga Yulin 1942 har zuwa 4 ga Agustan 1944, ranar da aka kama su. Cikinsu akwai yarinyar nan Anne Frank, wadda rubutun da ta riƙa yi a maɓoyar ya karaɗe duniya. Mahaifinta Otto ne kaɗai ya tsira da rai. An buɗe gidan ga masu ziyara a 1960, kuma a 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 1.3 suka ziyarce shi.

Mai keken guragu ba ya wuce wannan kanta. Hukumar gidan ba ta ɓoye ba, ta faɗa a fili cewa tsohon ɓangaren ginin, har da maɓoyar, keke ba ya shiga. Sabon ginin da aka haɗa da shi, inda ƙofar shiga take da wurin shan shayi da kantin littattafai, nan kam kowa na iya zagayawa. To amma ai ba don shan shayi mutum ya taso daga wata uwa duniya ba.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa a sa lifta mana, a faɗaɗa ƙofar, ƙasa ce mai kuɗi. Matsalar ita ce, ƙuncin ƙofar shi ne labarin. An yi ta ne don kada wanda ya zo bincike ya gane akwai ɗakuna a baya. Ranar da aka faɗaɗa ta har keke ya wuce, an daina nuna wa jama'a maɓoya, an koma nuna musu wani ɗaki kawai. Nan ne gidan tarihi irin wannan ya sha bamban da sauran gidajen adana kayan tarihi. A babban gidan adana kaya, ginin mazubi ne: in tukunya tana bene kuma ba lifta, sai a sauko da ita ƙasa, magana ta ƙare. A gidan da aka adana saboda wani ya zauna a cikinsa kuwa, bango da daɓe da matakala da tsayin ƙofa su ne kayan da aka zo gani. Ba a sauko da bene.

Haƙƙi biyu ne ke karo da juna, kuma kowanne yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, a sashe na 30, ta ce suna da haƙƙin shiga gidajen tarihi da wuraren al'adu, sannan da ta zo kan tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi na ƙasa sai ta ƙara da cewa gwargwadon yadda zai yiwu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna, su ma su tarar da ginin yadda yake. Duk rigimar tana cikin wannan “gwargwadon yadda zai yiwu”. Wa ke yanke hukuncin abin da zai yiwu, kuma da wane ma'auni?

Kafin a kai ga doka, gara a fara da awo, don a ga dalilin da ya sa abin ba sauƙi. Ƙa'idar da aka fi bi wajen gina gangarar keken guragu ita ce, duk tsayin santimita 1 yana buƙatar shimfiɗar santimita 12. Taki ɗaya mai santimita 15 ke nan zai ci mita 1.8. Gidan da ake hawa taki biyar kafin a kai ƙofarsa, kowanne santimita 18, yana buƙatar gangara ta kusan mita 11, ban da wurin hutawa a tsakiya. Ka ɗauki wannan doguwar gangara ka jingina a fuskar gidan da aka gina shekara 300 da suka wuce, ai ka sauya masa kama. Ƙofa tana buƙatar faɗin aƙalla santimita 81 in an buɗe ta, keke kuma yana son fili na mita 1.5 kafin ya juya. Tsofaffin gidajen bakin ruwa na Amsterdam siraru ne, dogaye, matakalarsu ta yi tsayuwar da ko kujera ba ta hawa ta ciki, shi ya sa za ka ga ƙugiya a saman yawancin gidajen, da ita ake jan kaya ta taga. Sannan akwai abin da mutane ba sa tunawa: wuta. Lifta takan kai mutum bene, amma in gobara ta tashi yawancin lifta ba a shigarta. Saboda haka ko a gidajen da aka sa ta, sau da yawa ana ƙayyade yawan masu keke da za su kasance a sama a lokaci ɗaya, daidai da yawan ma'aikatan da za su iya sauko da su a kujerar ceto.

Amurka ta yi ƙoƙarin warware wannan da doka. A watan Maris na 1990 wasu naƙasassu suka ajiye kekunansu da sandunansu suka rarrafa suka hau matakalar majalisar dokokin ƙasar a Washington, a 26 ga Yulin shekarar kuma Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar naƙasassu da aka fi sani da ADA. Abin lura shi ne dokar ba ta keɓe tsofaffin gine-gine ba. Mutane da yawa, har da wasu masu kula da gidajen tarihi, suna zaton tsufan gini ya fitar da shi daga ƙarƙashin doka. Ba haka ba ne. Abin da ta yi shi ne ta gina matakai. Da fari, tsohon gini ma ana sa ran ya cika ƙa'ida kamar kowane gini idan za a yi masa gyara. In masu gidan suna ganin cika ƙa'idar zai lalata ko ya yi barazana ga abin da ya sa ginin ya zama tarihi, ba su ne za su yanke wa kansu hukunci ba, sai sun tuntuɓi jami'in adana tarihi na jiharsu. In ya yarda, sai a sauko zuwa ƙa'ida mai sassauci: aƙalla hanya ɗaya daga waje zuwa ƙofa, aƙalla ƙofa ɗaya da keke zai shiga ko da ba ita ce babbar ba, banɗaki ɗaya in akwai banɗakuna, da damar zagaya hawan da ƙofar take. Ƙa'idojin dokar na 1991 har sun yarda da gangara mai tsayuwa ninki biyu, 1 cikin 6, muddin gajeriya ce da ba ta wuce ƙafa biyu ba. Sai in wannan ma ya gagara ne ake komawa ga madadi, wato hotuna da bidiyo da makamantansu.

Tsarin jerin nan shi ne muhimmin abu. Madadi yana ƙarshe. A aikace kuwa gidaje da yawa daga ƙarshen suke farawa, saboda kundin hotuna ya fi lifta araha nesa ba kusa ba.

Birtaniya ta bi wata hanya mai kama da wannan. Dokarta ta 1995, wadda dokar daidaito ta 2010 ta maye gurbinta, ta ɗora wa mai ba jama'a hidima nauyin yin gyara daidai hankali. In wani abu a jikin gini ya tare naƙasasshe, ko a cire shi, ko a sauya shi, ko a samo hanyar kauce masa, ko a ba da hidimar ta wata hanyar. Kuma nauyin na tun kafin baƙo ya zo ne, ba sai gurgu ya tsaya a ƙofa sannan a fara kai-komo ana neman katako ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka dokar ba ta ba kowa izinin fasa bangon ginin da aka yi wa rajista a matsayin na tarihi ba, sai ya nemi izinin hukumar tsara gari kamar kullum.

Wani gida a Landan ya nuna yadda binciken tarihi kansa kan buɗe hanya. Fadar Kew, da ke cikin shahararren lambun Kew, wani attajiri mai suna Samuel Fortrey ne ya gina ta a 1631, daga baya ta zama gidan sarauta, a nan aka killace Sarki George na Uku a wasu lokutan da ciwon taɓin hankalinsa ya tashi. Gini ne na jan bulo mai hawa-hawa, kuma ba inda za a huda daɓe a ciki ba tare da an yi ɓarna ba. Da aka zo babban gyaran da ya kai ga sake buɗe ta a 2006, sai aka koma ga tsofaffin zane-zane da jikin ginin. A bangon yamma a da akwai wani siririn gini da ke manne daga waje, na banɗakuna, wanda aka rushe tun a ƙarni na 19. A gurbinsa aka tayar da rumfar lifta. Bangon nan ya riga ya san huda a wajen, kuma ginin ya taɓa ɗaukar wani abu mai wannan siffa. Ba kowane gida ne ke da irin wannan sa'a ba, amma darasin aikin a fili yake: tsohon gida bai taɓa zama abu ɗaya daskararre ba. An toshe ƙofofi, an buɗe wasu, an ƙara ɗakuna, an rushe. Wanda ya san tarihin waɗannan sauye-sauye yakan sami gurbin da zai shiga. Ƙa'idar da masu gyaran tsofaffin gine-gine suke bi ita ce, duk abin da ka ƙara ya zama in an cire shi gobe ginin zai koma yadda yake.

A ganina tambayar da ya kamata kowane irin wannan gida ya fara yi wa kansa ita ce: me ya sa aka ajiye mu? In an amsa ta da gaskiya, za a tarar abubuwan da ba sa taɓuwa 'yan kaɗan ne. A Amsterdam, kantar nan da matakalar da ke bayanta, da hotunan da Anne ta manna a bangon ɗakinta, da alamun fensir da iyayen suka riƙa yi a bango suna auna tsawon 'ya'yansu mata biyu. Waɗannan ko kusa. Amma yawancin abin da ke hana naƙasasshe shiga gidajen tarihi a duniya ba shi da alaƙa da tarihi ko kaɗan. Tsakuwar da aka zuba a hanyar shiga shekara ashirin da suka wuce don ta yi kyau a hoto, wadda tayar keke ke nutsewa a ciki. Teburin sayar da tikiti da ya kai ƙirjin mai tsaye. Banɗakin da aka gina jiya a bayan gida da taki biyu. Rubutun bayani da ƙananan haruffa, an liƙa shi daidai idon dogon mutum. Duk waɗannan ana fakewa da tsufan gida a bar su, alhali ba wanda zai yi kukan rashinsu.

Akwai kuma zancen mutunci, wanda awo ba ya kamawa. Gida zai iya cika ƙa'ida tsaf, amma ƙofar da aka ware wa mai keke tana can baya kusa da bola, sai ya danna ƙararrawa ya jira a nemo mai makulli, iyalinsa kuma sun shige ta gaba. Gidajen da suka yi tunani sukan juya tsarin gaba ɗaya, su mai da ƙofar da keke ke iya bi ta zama ƙofar kowa da kowa.

Har yanzu maganar keke muke, kuma wannan ma kuskure ne da ake yawan yi, a ɗauka naƙasa ita ce keke. Ɗauki makaho. Dokar farko a kowane gidan tarihi ita ce kada a taɓa, an ja igiya an tsare ɗaki, kayan suna can nesa. Ga wanda hannunsa ne idonsa, wannan gida babu komai a cikinsa. Maganin ba ya buƙatar fasa bango: ƙaramin samfurin gidan da za a shafa a gane tsarinsa, kwafin wasu kayan da aka yi don taɓawa, wasu na asali masu ƙwari da za a taɓa da safar hannu, bayani da rubutun makafi, da mai rakiya da aka koya wa siffanta ɗaki da baki, ya faɗi girmansa da inda taga take da abin da ke hannun dama, ba ya ce “ga shi can” ba. Mai raunin gani kuma matsalarsa haske. Masu adana kaya sukan rage hasken ɗakin da ke da tufafi ko takardu zuwa kusan lux 50 a ma'aunin haske, don haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. A wannan duhu-duhu mai ƙarancin gani ba ya ganin bakin taki. Sai a ba shi bayanin da manyan haruffa a hannu, a haska gefen matakala ba kayan ba.

Kurma nasa daban. Yawancin ƙananan gidajen tarihi da baki ake zagaya su, mai rakiya yana gaba yana magana, sau da yawa ya juya baya yana nuna hoto. Wanda ke karanta leɓe ya rasa rabin zancen ke nan. Rubutaccen bayanin zagayen, da bidiyo mai rubutu a ƙasa, da ranakun da ake kawo mai fassara da hannu, su ne abin da ake yi. Sai kuma waɗanda suka fi kowa yawa kuma ba a lissafa su: tsofaffi, masu ciwon gwiwa, masu ciwon zuciya, waɗanda za su iya tafiya amma ba za su iya tsayuwar minti arba'in ba. Abin dariya, gida cike da kujeru amma ba ta zama ko ɗaya. A gidajen National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidajen tarihi a Ingila, har busasshen kan wata ƙaya suke ɗorawa a kan tsohuwar kujera don kada wani ya zauna. To madalla, amma sai a ajiye wata sabuwa a gefe wadda kowa zai gane ta zama ce. Ita wannan ƙungiya tana ba naƙasasshe katin da mai taimaka masa zai shiga kyauta, abin da ya dace kowane gida ya kwaikwaya, tun da mai rakiyar ba yawon buɗe ido ya zo ba.

Mafi arha duka shi ne faɗin gaskiya tun kafin mutum ya baro gida. Taki nawa ne, faɗin ƙofa santimita nawa, akwai abin dafawa ko babu, wane ɗaki ne ba a kaiwa. Naƙasasshe ya fi kowa sanin jikinsa da kekensa. Ba shi lambobin ya yanke wa kansa shawara, maimakon a rubuta masa cewa wurin “ya dace da kowa” ya zo ya tarar da akasin haka.

Mu koma kan madadi, tun da akwai inda ba makawa sai shi. A 2018 gidan Anne Frank ya fitar da zagayen maɓoyar ta tabarau na kwamfuta, irin wanda in ka sa sai ka ga kamar kana tsaye a cikin ɗakin, ka waiga dama da hagu. Wani abin sha'awa: ɗakunan na gaske babu komai a cikinsu. Bayan kamen an kwashe kayan, kuma Otto Frank ya nemi a bar su haka wayam, don su nuna gurbin waɗanda ba su dawo ba. A cikin tabarau kuwa an mayar da gadaje da tebur da tukwane yadda suke a lokacin ɓuyan. Wato wanda bai iya hawa ba yana ganin abin da mai hawa bai gani ba. Har ila yau, ɗakin can ƙololuwa, inda Anne kan je ta leƙa sama da bishiya ta taga, an rufe shi ga kowa, madubi aka kafa ake hangensa daga ƙasa. Mai ƙafafu ma da madadi ya gan shi. Duk da haka kada a yaudari kai. Wanda ya sunkuya ya bi ta bayan kantar, ya ji katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa ya tuna mutanen nan da rana ko tari ba sa so su yi saboda ma'aikatan da ke ƙasa, ya sami wani abu da tabarau ba ya bayarwa. Da babu gara ba daɗi, iyakarta ke nan. Madadin yana halatta ne a inda aka tabbatar shingen shi ne tarihin, kamar a nan.

Akwai gidan da lamarin ya juye gaba ɗaya. A Hyde Park da ke jihar New York ne gidan su Franklin Roosevelt yake, wanda ake kira Springwood, inda aka haife shi a 1882. A 1921, yana da shekara 39, ciwo ya kama shi ya shanye masa ƙafafu, likitocinsa suka ce shan inna ce. Bai sake tafiya da kansa ba, amma aka zaɓe shi shugaban Amurka sau huɗu. A wannan gida, kayan naƙasa su ne kayan tarihi. Kekensa kujerar kicin ce aka sa wa tayoyi, ba ta da hannuwa, siririya yadda za ta bi lungunan tsohon gida. Liftar da yake hawa bene da ita asalinta ta ɗaga akwatunan tafiya ce, da igiya ake janta, kuma shi da kansa yake jan kansa da ƙarfin damtse. Mutum ne mai tsananin tsoron gobara, don ya san ba zai iya gudu ba. An ɗora gangara a kan 'yan takun da ke sauka zuwa babban ɗakin karatu. Daga baya, tsakanin 1938 da 1939, ya zana wa kansa wani ƙaramin gida a kan tudu, Top Cottage, tare da mai zanen gini Henry Toombs, wanda aka tsara tun daga tushe don mai keke: babu dokin ƙofa, tagogi a ƙasa-ƙasa daidai idon mai zaune. A barandarsa ya karɓi Sarkin Ingila George na Shida a 1939.

Roosevelt ya ɓoye naƙasarsa iya ƙarfinsa, 'yan jarida suka taya shi, har hotunansa a kan keke da suka rage ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da aka buɗe dandalin tunawa da shi a Washington a 1997, mutum-mutuminsa an lulluɓe shi da alkyabba ta rufe kujerar. Naƙasassu suka yi ca, sai a 2001 aka ƙara wani da ke nuna shi ƙarara a kan keke. Wannan ya taɓo ɓangaren da ba a cika magana a kai ba. Shigar naƙasasshe gidan tarihi ba ta tsaya ga ƙofa ba, har da ko zai tarar da irinsa a cikin labarin da ake bayarwa. Babu tsohon gidan da ba a taɓa jinyar wani a ciki ba, ko wani ya makance, ko tsohuwa ta daina hawa bene aka sauko mata da gado. Ta yaya suka yi? Sau da yawa amsar tana nan a jikin ginin, an dai daina nuna ta ne.

Mu ma muna da irin waɗannan gidaje, kuma doka ta riga ta iso su. Gidan Makama a Kano, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A gefe guda kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana a taɓa ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa sai da izini. Doka biyu ke nan a kan gida ɗaya, daidai inda Amurka da Birtaniya suka tsinci kansu.

Sai dai kwafo ma'aunin Turai kai tsaye ba zai wadatar ba, saboda dalili biyu. Na farko ginin. Gidan ƙasa na Hausa yana da sauƙi ta wani fanni, tun da yawancinsa a ƙasa yake, ba hawa uku ko huɗu ba. Amma yana da nasa shingayen, kuma wasunsu su ne ma'anar ginin. Ƙofar zaure da ta soron ciki ba a jera su a layi ɗaya, da gangan ake karkatar da su don mai wucewa kada ya hango cikin gida. Wannan kwana ita ce ke tsare keke, kuma miƙe ta daidai yake da share abin da zaure yake nufi. Dokin ƙofa an ɗaga shi ne don ya tare ruwan sama. Bango mai kauri ya sa ƙofa ta zama siririn lungu, ɗakuna kuma da duhu. Ga kuma hatsarin siminti: gangarar kankare da aka manna wa bangon ƙasa takan riƙe danshi, ta tura ruwa gindin bango, bayan damina biyu ko uku gindin ya fara zubewa. Gangarar katako ko ta ƙarfe da ake ɗagawa, ko daɓe mai ƙwari da aka karkata ruwansa waje, sun fi dacewa da irin wannan gini.

Na biyu mutanen. Ma'aunin mita 1.5 an yi shi ne don ƙaramin keke mai taya huɗu. Abin da gurgu ya fi hawa a Kano ko Zariya ko Damagaram shi ne keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar masu shan inna ta Kano ta shahara da ƙerawa, kuma ya fi wancan tsawo sosai, ba zai juya a soro ba. Ajiye ƙaramin keke mai naɗewa guda ɗaya ko biyu a zaure, mutum ya sauya ya bar nasa a inuwa, zai buɗe ɗakunan da ko an kashe miliyoyi ba za su ɗauki mai taya uku ba. Wani kuma da rarrafe yake tafiya, silifa a hannuwa, ko a kan katako mai tayoyi. Shi taki ɗaya ba ya hana shi, abin da ke damunsa zafin daɓen tsakar gida da rana tsaka a bazara, da ruwan da ya kwanta, da akwatin gilashin da aka ɗora sama yadda ƙasansa kawai yake gani. Makaho yana zuwa da ɗan jagora, wanda bai kamata a karɓi kuɗin shigarsa ba, kuma ginin ƙasa ya fi kowane gini daɗin shafawa: zanen bango, lanƙwasar bakan gizo daga inda ya taso, kaurin ginshiƙi, duk hannu na karanta su, in an keɓe inda taɓawa ba za ta cutar ba. Kurame kuma ba harshe ɗaya suke yi ba. Wanda ya yi makaranta irin ta Tudun Maliki ya koyi maganar hannu ta makaranta, mai tushe a ta Amurka, da yawa kuwa maganar hannu ta gargajiya ta Hausa suke yi. Mai fassara ɗaya ba lallai ya ishi duka biyun ba.

Abin da ginin ƙasa ya fi na dutse da shi shi ne dama ana taɓa shi kullum. Ana yaɓe, ana gyara indararo, ana sabunta makuba kafin damina, in ba haka ba ya narke. Kowane zagayen gyara dama ce ta duba ƙofa ɗaya. A irin wannan zama ya kamata a ga magina na gargajiya, waɗanda suka san wane bango ne ke ɗauke da azara da wanda ba ya ɗauke da komai, tare da jami'an hukumar, da wakilan ƙungiyoyin naƙasassu, har da sarakunan makafi da na guragu da garuruwanmu suka daɗe da su. A zagaya gidan da keken gaske da sandar gaske, a rubuta inda aka tsaya. Dokin ƙofar da aka yanke shawarar ragewa kuwa, sai an fara gyara hanyar ruwan tsakar gida an karkatar da shi tukuna, a kuma jira a ga yadda ya yi a ruwan Agusta kafin a taɓa na gaba.